Tarihin Dangantakar Tarawa da Ɗebewa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar firamare a cikinmu zai iya tuna ranar da malam ya rubuta biyar a allo, ya rubuta bakwai a ƙarƙashinta, ya ce a ɗebe. Aji ya yi tsit. Sa'an nan malam ya koya mana amsar da za mu riƙa bayarwa da murya ɗaya, watau "Ba zai yiwu ba." Muka haddace, muka ci jarrabawa da ita. Bayan 'yan shekaru, da muka shiga sakandare, sai wani malamin ya sake rubuta wannan lissafi, ya ce ai yana yiwuwa, amsar kuwa biyu ce mai ɗan layi a gabanta. Ba wanda ya tsaya ya gaya mana yadda abin da bai yiwu jiya ba ya zama mai yiwuwa yau. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla daga nan suka raba gari da lissafi, har ƙaddara ta kawo su sashen harsuna.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka waiwayi tarihi za mu ga cewa wannan ruɗani ba daƙiƙancin yara ba ne. Manyan masana sun shafe fiye da shekara dubu da ɗari biyar suna gardama a kansa. Abin da ya raba gardamar kuwa shi ne gane cewa ɗebewa tarawa ce da aka juya, kamar yadda hanyar zuwa kasuwa ita ce ta komowa gida. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan fahimta daga ƙasa zuwa ƙasa, ta nuna cewa a kasuwa da wurin biyan bashi da rabon gado aka fara gano ta, tun kafin masu falsafa su yarda da ita. A ƙarshe kuma za mu duba abin da ya shafe mu, mu masu nazarin Hausa.

Misira: Ɗebewa a Matsayin Ciko

A shekarar 1858 wani mutumin Sikotilan mai suna Henry Rhind ya sayi wata tsohuwar takarda a garin Luksor na ƙasar Misira. Yawancinta tana ajiye a gidan tarihi na Biritaniya da ke London. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe ta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya kuma bayyana cewa daga wata da ta girme ta ya kwafo. A cikinta akwai matsalolin lissafi fiye da tamanin, yawancinsu a kan rabon gurasa da awon hatsi da filaye.

Abubuwa biyu ne suka shafe mu a wannan takarda. Na farko, a ɗaya daga cikin matsalolin an yi amfani da hoton ƙafafu biyu masu tafiya. Idan ƙafafun sun fuskanci wannan gefe, nufi shi ne a tara. Idan sun juya sun fuskanci wancan, nufi shi ne a ɗebe. Alama ɗaya ce, fuskarta kawai ke sakewa. Na biyu, akwai wasu matsaloli da ake kira na cikawa. Alal misali, a matsala ta 21 an ba ɗalibi kashi biyu bisa uku da kashi ɗaya bisa sha biyar, aka nemi ya faɗi abin da za a ƙara musu su cika ɗaya. Mu a yau da sai mu ce a ɗebe su daga ɗaya. Amma Bamisire sai ya tambayi abin da ya rage a cika, ya sami ɗaya bisa biyar da ɗaya bisa sha biyar.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin duk wanda ya taɓa karɓar canji. Ka sayi kayan naira ɗari uku da hamsin, ka miƙa ɗari biyar. Mai kanti ba ya ɗaukar alƙalami ya ɗebe. Sai ya sa maka hamsin a hannu ya ce ɗari huɗu, ya ƙara ɗari ya ce ɗari biyar. Ya warware lissafin ɗebewa, alhali tarawa kawai ya yi.

Ƙidaya da Baya

Akwai kuma wata shaida da ta girmi littattafai, watau sunayen lambobi da yadda ake rubuta su. Magatakardan Sumer, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, sukan rubuta tara a matsayin goma ba ɗaya a allunansu na yumɓu. Rumawa sukan rubuta huɗu IV, tara kuma IX, watau ƙaramar lamba idan ta zo kafin babba ɗebe ta ake yi, idan ta zo bayanta kamar a VI da XI sai a tara. A Latinanci ma sunan sha takwas yana nufin biyu daga ashirin, sha tara kuwa ɗaya daga ashirin.

Maƙwabtanmu Yarabawa sun fi kowa nisa a wannan hanya. Daga sha biyar zuwa sha tara duk daga ashirin suke ɗebowa. Hamsin a wurinsu sittin ce ba goma, arba'in da biyar kuwa sai a ƙara ɗebe biyar daga wannan hamsin ɗin. Mu ma Hausawa muna da namu. Tsofaffi sukan ce ashirin ba ɗaya, ko ashirin biyu babu, ko ɗari ba biyar. A manyan lambobi kuma akan ji kalmar gaira, wadda muka aro daga Larabci, kamar a ce metan gaira ashirin ana nufin ɗari da tamanin. Haka nan idan an tambayi lokaci mukan ce ƙarfe huɗu saura kwata.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ke da suna biyu ga lamba ɗaya, ya ce sha tara ko ya ce ashirin ba ɗaya, ya riga ya san cewa ana iya isa wuri guda ta gaba ko ta baya. Sai dai har yanzu duk waɗannan al'ummu ƙarami suke ɗebewa daga babba. Tambayar da ta ba mu wuya a firamare ba a taɓo ta ba tukuna.

Sin: Jan Tsinke da Baƙin Tsinke

Mutanen Sin ne suka fara taɓo ta a rubuce. Suna da wani littafi da ake kira Babi Tara a kan Fasahar Lissafi, wanda aka kammala tattara shi a zamanin daular Han, wajen ƙarni na 1 Miladiyya. Littafi ne na ma'aikatan hukuma, masu awon gonaki da karɓar haraji da raba aikin gayya. Da tsinkaye suke lissafi, suna jera su a kan faifai ko a ƙasa.

A babi na takwas akwai wata matsala ta cinikin dabbobi. An sayar da shanu 2 da tumaki 5 aka sayi aladu 13, sai kuɗi 1,000 suka yi rara. An sayar da shanu 3 da aladu 3 aka sayi tumaki 9, kuɗin suka zo cif. An sayar da tumaki 6 da aladu 8 aka sayi shanu 5, sai kuɗi 600 suka gaza. Ana neman farashin kowace dabba. Mai karatu na iya gwadawa ya ga cewa saniya 1,200 ce, tunkiya 500, alade 300.

Wanda zai jera wannan matsala da tsinkaye dole ya bambanta abin da aka sayar da abin da aka saya, ya kuma bambanta rara da giɓi. Malam Liu Hui, wanda ya yi wa littafin sharhi a shekarar 263, ya bayyana cewa jan tsinke na samu ne, baƙi kuma na rashi. Littafin ya kawo ƙa'idar haɗa su, kuma a cikinta ne ake ganin cewa ɗebe baƙin tsinke daidai yake da ƙara ja, ɗebe ja kuma daidai yake da ƙara baƙi. Idan babu abin da za a ɗebe daga cikinsa, sai tsinken ya sake launi kawai. Da wannan ƙa'ida biyar a ɗebe bakwai ta sami amsa, watau baƙaƙen tsinkaye biyu.

A wajen wannan zamani kuwa, a birnin Iskandariyya, masanin Girka Diophantus ya ci karo da matsalar da amsarta ke ƙasa da sifiri, sai ya ce maganar banza ce. Dalili shi ne, a wurin Girkawa lamba tsawon layi ce ko yawan abubuwa, ba a kuwa ganin layin da tsawonsa bai kai babu ba.

Indiya: Dukiya da Bashi

A shekarar 628 wani masanin taurari mai suna Brahmagupta, wanda ya zauna a garin Bhillamala a yankin Rajastan na Indiya, ya rubuta wani babban littafi a waƙe da harshen Sanskirit. A cikinsa ya ɗauki sifiri a matsayin lamba mai zaman kanta, ya kuma kira lambobin da ke sama da ita dukiya, waɗanda ke ƙasa da ita bashi. Sa'an nan ya tsara ƙa'idojinsu. Dukiya da dukiya dukiya ce. Bashi da bashi bashi ne. Idan an haɗa dukiya da bashi, sai a duba bambancinsu, wanda ya rinjaya shi ke da sunan. Idan sun zo daidai, sakamakon sifiri ne. Dukiyar da aka ɗebe daga sifiri takan koma bashi, bashin da aka ɗebe daga sifiri kuwa yakan koma dukiya.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ke rikita ɗalibanmu har gobe, alhali kowane magidanci ya san ta. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, a ce ana bin mutum naira ɗari, sai mai kuɗin ya ce ya yafe. An ɗebe masa bashi, arzikinsa ya ƙaru da ɗari, ko da yake ko kwabo ba a sa masa a aljihu ba.

Duk da haka, ko a Indiya ba kowa ya saki jiki da abin ba. Bhaskara, wanda ya yi rubutu wajen shekarar 1150, yakan sami amsar da ke ƙasa da sifiri ya ajiye ta gefe, yana mai cewa mutane ba su amincewa da ita.

Bagadaza: Ɗori da Gwama Sassa

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an tara masana a Bagadaza suna fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa. Cikinsu akwai Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi. Wajen shekarar 820 ya rubuta wani taƙaitaccen littafi a kan lissafin jabru da muƙabala. Daga kalmar farko aka sami sunan fannin aljabara a harsunan duniya.

Jabru a Larabci shi ne ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karyayyen ƙashi. Alhawarizmi yakan kira adadin da ba a sani ba "abu". A ce mutum yana da wasu kuɗi, ya biya bashin talatin, saura saba'in. Watau abu ba talatin daidai yake da saba'in. Wannan abu ya sami rauni, tun da an gutsure masa talatin. Sai a ɗora shi, a mayar masa da talatin ɗinsa, a kuma ƙara talatin a ɗaya ɓangaren don kada ma'auni ya karkata. Abu ya zama ɗari. Muƙabala kuwa ita ce gwama ɓangarorin biyu a ɗebe abin da suka yi tarayya a kai. Idan abu da hamsin daidai yake da abu biyu da ashirin, sai a ɗebe ashirin da abu ɗaya daga kowane gefe, a ga cewa abu talatin ne.

Ke nan aljabara tun daga sunanta a kan dangantakar tarawa da ɗebewa aka gina ta. Ana warware ɗebewa da tarawa, ana warware tarawa da ɗebewa. Wani abin mamaki shi ne, Alhawarizmi bai yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifiri ba. Ɗorin nan ma hanya ce ta kauce musu, shi ya sa ya kasa matsalolinsa gida shida, inda ɗalibin yau zai mayar da su ɗaya. Sai daga baya Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, ya yi amfani da kalmar bashi ga irin wannan lamba a littafin da ya rubuta wa magatakarda da ma'aikata. A ƙarni na 12 kuma Samau'al ya tsara ƙa'idojinsu dalla-dalla.

Ya kamata a lura da abin da ya sa Alhawarizmi ya yi wannan aiki. Ya faɗa a gabatarwarsa cewa don bukatun mutane ne wajen gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa, kuma kusan rabin littafin matsalolin wasiyya ne. Duk wanda ya taɓa zama wurin da malamai ke rabon gado ya san cewa sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura. Idan an gama kuma sai malam ya tara rabon kowa ya ga ko ya koma daidai da abin da aka fara da shi. Da tarawa yake tabbatar da cewa bai zalunci maraya ba wajen ɗebewa.

Turai: 'Yan Kasuwa a Gaba, Masana a Baya

A shekarar 1145 wani Bature mai suna Robert na Chester ya fassara littafin Alhawarizmi zuwa Latinanci a ƙasar Sifen. Bayansa sai Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci. Shi ɗan wani jami'in fatake ne, ya kuma koyi lissafin Larabawa a garin Bijaya na Aljeriya. A littafinsa na 1202 ya koya wa Turawa alƙaluman Indiya, kuma da ya sami amsar da ke ƙasa da sifiri a wata matsalar kuɗi sai ya fassara ta da cewa mutumin bashi ake bin sa.

A nan ma 'yan kasuwa ne suka yi gaba. Fataken biranen Italiya sun ƙirƙiro wata hanyar ajiye lissafi wadda ake rubuta kowane ciniki sau biyu, sau ɗaya a shafin abin da ya shigo, sau ɗaya a shafin abin da ya fita. Idan an tara shafukan biyu ba su zo daidai ba, to akwai kuskure ko akwai sata. Luca Pacioli ya bayyana wannan hanya a littafin da aka buga a Benis a 1494, kuma ita akantoci ke bi har yau. Sai dai su da jan tawada suka saba nuna hasara, saɓanin mutanen Sin.

Alamun nan biyu da muka sani, + da −, sun fara fitowa a bugun ɗab'i a shekarar 1489, a wani littafin lissafin kasuwanci da Johannes Widmann ya wallafa a birnin Laifzig na Jamus. A can ma rara da giɓi suke nunawa, kamar a ce wannan kaya ya ɗara awo, wancan ya gaza. A 1557 Robert Recorde ya gabatar da su ga masu karatun Ingilishi, ya kuma ƙirƙiro alamar daidai, watau =.

Masana kuwa sun daɗe suna jan ƙafa. Michael Stifel a 1544 ya kira irin waɗannan lambobi na wauta. Cardano a 1545 ya kira su na ƙage. A 1685 John Wallis na Jami'ar Okusfod ya kawo wani misali mai sauƙi. Ya ce a ɗauka mutum ya yi tafiyar yadi biyar gaba, sa'an nan ya ja da baya yadi takwas. Yana ina? Yana yadi uku a bayan inda ya tashi. Daga irin wannan tunani aka sami layin lambobi da ake zanawa a allo, mai sifiri a tsakiya. Mai karatu zai ga cewa ƙafafun nan na Ahmes ne suka dawo bayan shekara dubu uku. Amma ko wannan bai gamsar da kowa ba, domin har a 1796 William Frend, wanda ya yi koyarwa a Kambirij, ya wallafa littafin aljabara inda ya ƙi yarda a ɗebe babba daga ƙarami.

Bai kamata mu yi musu dariya ba, gama suna da hujja. Misalin bashi yana bayyana tarawa da ɗebewa sarai, amma ba ya bayyana dalilin da zai sa bashi sau bashi ya zama dukiya. Sai a ƙarni na 19 masana irin su Hermann Hankel, a littafinsa na 1867, suka daina tambayar ko ana iya ganin waɗannan lambobi da ido, suka dubi ƙa'idojin da suke bi. Matsayar da aka cimma ita ce, kowace lamba tana da kishiya wadda idan aka haɗa su sifiri ake samu, ɗebe lamba kuwa shi ne tara kishiyarta. Daga nan ɗebewa ta zama reshe a cikin tarawa.

Na'ura Ma Ta Shaida

A shekarar 1642 Blaise Pascal, yana saurayi ɗan shekara sha tara, ya fara ƙera wata na'urar lissafi don ya rage wa mahaifinsa wahala, shi kuwa jami'in haraji ne a birnin Ruwan na Faransa. Ƙafafun na'urar gefe ɗaya kawai suke juyawa, saboda haka tarawa kaɗai take iyawa. Idan ana son ɗebewa sai a bi ta hanyar ciko. Ga yadda irin wannan dabara take. Ana son a ɗebe 17 daga 52. Cikon 17 zuwa ɗari shi ne 83. A tara 52 da 83, a sami 135. A jefar da ɗarin da aka aro, saura 35, ita ce amsa.

Kwamfuta da wayar hannu da ke aljihunmu irin wannan hanya suke bi, sai dai da alƙaluma biyu suke ƙidaya, sifiri da ɗaya. John von Neumann ya ba da shawarar yin haka a rahotonsa na 1945, don kada a ƙera wa ɗebewa nata sashen daban. Duk sa'ad da banki ya cire kuɗi daga ajiyarka, a can cikin na'ura tarawa aka yi.

Abin da Ya Shafe Mu

Masanin halayyar yara Jean Piaget, mutumin Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan matakan hankalin yaro shi ne ya gane ana iya juya aiki a koma inda aka fara, kuma wajen shekara bakwai yake kai wannan mataki. Wannan ita ce shekarar da yaranmu ke fama da tarawa da ɗebewa. Idan aka koya musu su a matsayin darussa biyu da ba su san juna ba, kowanne da nasa haddar, an ninka musu aiki, an kuma ɓoye musu mabuɗin da za su buɗe aljabara da shi nan gaba.

Tarihin da muka bi ya nuna wa malami abin yi. Ya koyar da 3, 4 da 7 a matsayin 'yan gida ɗaya: uku da huɗu bakwai, huɗu da uku bakwai, bakwai ba uku huɗu, bakwai ba huɗu uku. Ya saba wa yaro da auna amsar ɗebewa ta hanyar tarawa, yadda ba sai ya jira malam ya gaya masa ya yi daidai ba. Ya nuna masa inda tagwayen suka bambanta, watau a tarawa ko wace lamba aka fara da ita duk ɗaya ne, amma bakwai ba biyar daban take da biyar ba bakwai. Idan kuma an zo kan biyar a ɗebe bakwai, kada ya ce ba zai yiwu ba. Ya tambayi yaron, idan kana da naira biyar ka ci ƙosan bakwai, yaya ke nan? Ba yaron da ba zai ce ana bin sa biyu ba.

Nan ne kuma aikin ya zo kanmu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Tun a 1970 kuma Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da dukan darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci na tsawon shekara shida. Masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar lissafi ba, su dubi kalmomin da muka yi aiki da su a wannan maƙala: ciko, saura, rara, giɓi, bashi, kishiya, ɗori. Ba ko ɗaya da aka ƙirƙira a ofis. Abin da ya rage shi ne a tattara su daga bakin 'yan kasuwa da malaman gado da tsofaffi, a daidaita ma'anarsu, a sa su a littattafan yara. Ƙidayar nan ta ashirin ba ɗaya ma ba kasafai ake jin ta a bakin samari ba, ya kamata a rubuta ta yadda take a kowane kari na harshe tun masu ita suna raye.

Kammalawa

Mun ga yadda Misirawa suka mayar da ɗebewa ciko, mutanen Sin suka bambanta samu da rashi da launin tsinke, Brahmagupta ya ba su sunan dukiya da bashi, Alhawarizmi ya gina aljabara a kan warware ɗaya da ɗaya, Turawa kuma suka yi ta jayayya har ƙarni na 19 kafin su amince. A kowane zango, mai awo da mai bin bashi da mai rabon gado su suka riga masu falsafa ganewa. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda za su fita aikin koyarwa, idan yaro ya tsaya cak a gaban biyar a ɗebe bakwai, kada a kira shi daƙiƙi, domin inda Diophantus ya tsaya nan ya tsaya. A yi masa magana da harshen da yake sayen ƙosai da shi, za a ga ya wuce wurin cikin yini ɗaya. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.